Dambun Gayya

"Na ce ki sauke su duka uku."

"Biyu zan sauke, Malam."

"Uku, Tani."

"Biyu. In ka matsu, hau ka sauke na ukun da kanka."

Tana faɗa ta yi da-na-sani, amma magana zarar bunu ce. Mijinta Jibo ya dubi ƙafarsa. Kwana goma sha tara ke nan tana miƙe bisa buzu a ƙofar ɗaki, ta kumbura kamar kabewa. Kurkunu ya huda idon sawu ya leƙo, an naɗe kansa a sili, kullum da safe ana jan ɗan abin da ya yarda ya fito. Wanda ba ya iya zuwa masallaci ba zai hau rumbu ba. Su biyun sun sani.

Tani na tsaye a kan tsani, Fatu goye a bayanta, tana leƙen cikin rumbun. Dami uku ne kwance a ƙasa: gero biyu, dawa ɗaya. Daga su sai kashin ɓera. Sabon gero kuwa sai nan da kwana arba'in, in an nome gonar. In ba a nome ba, babu ranar da za a jira.

Gonar tana kudu da Kurfi, gefen hanyar Dutsin-Ma. Jibo ya yi noman farko da hannunsa, yana gamawa ƙafa ta kwantar da shi. Ruwa ya yi ta sauka, ciyawa ta taso ta shaƙe geron har ya fara ja. Shi ne ya aika wa Ilu, sarkin samari, da goro, yana neman gayya. Ilu ya karɓa, ya ce Alhamis, mutum talatin da makaɗi. Yau Laraba.

"Ƙarti talatin," in ji Jibo. "Kowa da yunwar gidansu. Kin san abin da ke fito da su gayya a wannan watan. Ba ƙaunata ba ce, cikinsu ne."

"Na sani. Da dami biyu zan cika su har su kasa sunkuyawa. Ga tafasa a bayan gida, ga zogale a danga."

"Ganye! In tara mutane in ba su ganye, Hudu makaɗi ya sa ni a ganga? Kin manta gayyar bara da aka ba su kunu tsululu? Har yau yara na waƙar mai gonar."

"Waƙa ba ta kashe mutum."

"Ubana ya kira gayya sau bakwai, ba a taɓa ganin gindin ƙwaryarsa ba."

"Baba na da shanu, Malam."

Shanun sun ƙare tun Jibo na yaro, ciwo ya share garken cikin damina ɗaya. Abin da ya gada daga Fulanin kakanninsa bai wuce sanda ba, da kalmomi kaɗan na gaisuwa, da wannan wuyan da ba ya lanƙwasuwa. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fara jan gindi zuwa gindin rumbu, ƙafar na binsa a baya, zufa na tsattsafo masa a goshi.

Tani ta dube shi har ya ja jiki sau uku. Sannan ta zura jiki cikin rumbun, ta jefo dami ɗaya, ta jefo na biyu, ta jefo na uku. Na ukun ya faɗi kusa da ƙafarsa.

"Ga su nan," ta ce. "Allah Ya sa su nome."

Gogo Rabi, ƙanwar uban Jibo, ta shigo bayan azahar da taɓaryarta a kafaɗa. Ta dubi damman, ta dubi rumbun da aka bari a buɗe, ta dubi ɗan wanta.

"Kai Jibo, biki ake ko gayya?"

"Gogo, ki taya ta aiki kawai."

"Yo zan taya. Ni dai na tambaya ne, don in san ko in ɗaura sabon zane."

Suka yi sussuka, suka shiƙe, suka surfa. Tani ba ta zubar da komai ba. Dusar ta tara a masaki ta kai ruga bayan gari, aka ba ta nono ƙwarya uku a madadinta. Kazarta ɗaya mai ƙwai, ta kai wa mai tuyar ƙuli-ƙuli, ta dawo da ƙuli cike da faifai, da ɗan mai a kwalba, da daddawa. Geron ta ware shi na fura. Dawar ta ɓarza a dutsen niƙa, ta tankaɗe, tsakin gefe guda, garin da ya zubo ta ajiye na kunu.

Aikin hannunta ne tun tana yarinya a Dabawa. Uwarta ta raini 'ya'ya shida a shekarar da fara ta cinye gonaki, kuma ita ta koya mata yadda ake sa ƙwarya ɗaya ta yi aikin uku. Ba a zuba tafasa ɗanya, sai an tafasa ta da ɗan kanwa an zubar da ruwan farko, ɗacin ya tafi. Tsaki ɗaya, ganye biyu. A turara tsakin shi kaɗai tukuna, a juye, a yayyafa ruwa a murje shi da hannu, sannan a cuɗa da ganyen a mayar madambaci. Daddawa kuwa a gasa ta a bakin murhu har ta yi ƙamshi, a daka tare da ƙuli da barkono da gishiri. Wanda ya ci zai rantse an sa nama.

"Wannan dabarar ta matsiyata ce," in ji Gogo, tana tsinke zogale. "Amma Allah Ya yi wa matsiyata hannu."

"Da ya bar ni, Gogo, da dami ɗaya na nan a rumbu."

"Ya bar ki? Uban nasa ma haka yake. Ran da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, baƙi ya kira suka ci, yana yi musu sannu da zuwa."

Tun kiran asuba wuta ke ci a murhu uku. Tani ta dunƙula garin gero da citta da kanumfari, ta dafa, suka kirɓa, suka mulmula fura har hannu ya yi tsami. Madambaci ya hau ya sauka sau shida. Kafin rana ta ɗaga, ga dambu masaki huɗu, kore shar, yana sheƙi da ɗan man da ta shafa da tafin hannu don ya kai ko'ina. Ga fura cike da ƙwarya biyar. Ga kunun tsamiya tulu biyu. Ƙamshi ya cika unguwa, matan maƙwabta na leƙowa ta kan danga suna sannu da aiki. Ita ko loma ɗaya ba ta kai baki ba. Da Fatu ta kama nono ma a tsaye ta shayar da ita.

Jibo ya ce sai ya je. Aka aro jaki aka ɗora shi, ƙafar na lilo, yana cije leɓe. Jaki na biyu ya ɗauki tuluna. Sauran kayan kuwa, Tani da Gogo suka yi sawu uku da su a kai. Aka jera komai a gindin tsamiyar da ke bakin gona, aka rufe da faya-fayai. Jibo ya zauna ya jingina da itacen, ya gyara hularsa, ya fuskanci hanya.

Rana ta fito sosai. Ba kowa.

Can sai ga tsofaffi uku da hauyoyi a kafaɗa, abokan uban Jibo ne, babu wanda bai haura sittin ba. Suka gaisa, suka dubi masakan, suka dubi hanya su ma.

"Samarin na tafe," in ji Jibo. "Kun san Ilu, sai ya tara su wuri ɗaya."

Sai iska ta kawo ganga. Tani ta saki numfashi, ta fara kwance bakin tulu. Amma ta tsaya. Kiɗan ba kusantowa yake ba. Daga gabas yake, bayan rafi, kuma yana wuri ɗaya.

Manu ne ya kawo labarin. Wan Tani ne, ya taso daga Dabawa a kan keke da hauyarsa ɗaure a baya. Ya jingine keken, ya gaida tsofaffin, ya tsuguna gaban Jibo bai dube shi ba.

"Na wuto ta gonar Alhaji Sodangi," ya ce. "Suna can."

"Su wa?"

"Duka. Ilu, da Hudu da gangarsa. Sun fi arba'in."

Alhaji Sodangi ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma, yana da gonar gyaɗa a nan wadda doki ke gajiya kafin ya zaga ta. Manu ya ce jiya da la'asar baransa ya iso da goro cike da ƙwarya, da labarin an yanka sa, kuma za a dafa shinkafa. Shinkafa, a watan da wasu gidaje ke kwana da ruwan rama.

"Ilu ya karɓi gorona," in ji Jibo.

"Ya karɓa."

"Ya ce Alhamis."

"To, ai yau Alhamis," in ji Gogo. "Bai yi ƙarya ba. Gonar ce bai faɗa ba."

Manu ya tuɓe riga ya shiga. Tsofaffin suka bi shi. Mutum huɗu a gonar da ke neman talatin, babu kiɗa, sai ƙarar hauya da tari. Daga inda Tani take zaune suna kama da kaji a cikin ciyawa. Jibo na jingine da tsamiya. Ya ƙura wa hanya ido, hanyar da ya san babu mai zuwa ta kanta.

Da hantsi Tani ta dama musu fura. Da azahar ta zuba musu dambu. Suka ci, suka ƙara, suka sa albarka. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce rabonsa da irin wannan dambu tun matarsa na da rai. Da suka tashi, ko rabin masaki ɗaya ba su ci ba. Suka koma suka yi abin da ƙarfinsu ya kai. Kafin la'asar sun nome kusurwa ɗaya, wajen girman tsakar gida uku. Sauran gonar na nan yadda take, ciyawa na kaɗawa.

Tani ta daɗe tana duban masakan. Tun azahar take juya abin a ranta, har ya zauna. Ta matsa kusa da Gogo ta yi ƙasa da murya.

"Gogo, za mu mai da shi gida."

"Mi?"

"Dambu ba ya lalacewa in an shanya shi. Zan baza a tabarmi, ya sha iska. Furar da ba a dama ba za ta kai jibi. Gobe in Alhaji ya sake su, Malam ya sake aika wa Ilu. In sun zo, in yayyafa ruwa in turara, babu wanda zai gane na jiya ne. In ba su zo ba, mu ci shi kwana ashirin."

Gogo ta tauna goronta. "Abincin da aka fitar da sunan gayya ba ya komawa gida, 'yar nan. Tun kakanni. Wanda ya mai da, an ce ya lashe abin da ya tofar."

"To wa zai ci? Tsamiya?"

"A raba wa masu wucewa."

"Masu wucewa ne za su nome gonar?"

Gogo ta dubi Fatu da ke barci a kan zane, ta dubi rumbun da ba ta gani daga nan amma ta san yadda yake. Ta tofar da tuƙar goro.

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "Idona ya tsufa. Miƙo gammo."

Jibo ya ji su. Ya buɗe baki, ya dubi gonar, ya rufe. Tani ta ɗauki shirun nan a matsayin izini, kuma a karo na farko tun jiya ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi. Manu ya taya ta ɗaure masaki biyu a kan jaki. Tsofaffin suka yi sallama suka tafi, suna duban ƙasa kamar su ma idonsu ya tsufa. Saura masaki biyu da ƙoren fura. Sawu ɗaya, biyu, an gama.

Sai ta ji muryoyi.

Hanyar da ta fito daga gonar Alhaji zuwa gari ta gindin tsamiyar nan take bi. Tani ta san haka tun da, ta manta ne kawai. Ga su nan sun tsallako rafi, jere, hauyoyi a kafaɗa, jikinsu duk laka. Ba waƙa, ba dariya. Hudu na can baya, gangarsa rataye kamar kayan aro. Da suka hango tsamiyar tafiyarsu ta ragu. Babu wata hanyar. Ilu ne a gaba, dogo, da ɗan gemu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Salamu alaikum. Jibo, ya ƙafa?"

"Alhamdu lillahi."

"Wallahi, abin ne ya zo da... Ka san Alhaji. Ba a ce masa a'a."

"Ba komai," in ji Jibo.

"Sannunku da cin sa," in ji Gogo. "Ku matsa daga nan kada maiƙo ya ɗiga mana a zane."

Wani saurayi ya yi dariyar da ba daɗi. "Wane sa, Gogo? Mu dai mun ga ƙaho."

Sai bakuna suka buɗe. An yanka san, gaskiya ne. Amma Alhaji ya gayyato baƙi daga Dutsin-Ma su ga gonarsa, malaman ofis da manyan 'yan kasuwa, mota biyu. Aka kafa musu rumfa, aka kunna musu rediyo. Nama da shinkafa can suka nufa, tasa bayan tasa. Masu noma aka kawo musu kunu da hantsi, aka ce su dakata abinci na zuwa. Da la'asar abin ya zo: ƙanzon tukunya da romon da aka tsinka da ruwa, akushi ɗaya mutum goma.

"Ni ƙashi na samu," in ji Hudu makaɗi. "Na duba shi da kyau, wani ya riga ni gaisawa da shi."

Suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Iska ta juyo. Ƙamshin daddawa gasasshiya ya tashi daga ƙarƙashin faya-fayai, ya bi ta cikinsu. Tani ta ga maƙogwaron Ilu ya motsa. Ba wanda ya dubi masakan kai tsaye, kuma ba wanda ya ɗaga ƙafa.

Ta juya ta dubi mijinta. A gaban maza ba za ta yi magana ba, sai ido. Ta zuba masa duk abin da ke cikinta ta idon nan: rumbun, da Fatu, da kwana arba'in. Kalma ɗaya ce, kada ya faɗe ta. Ya bar su su yi sallama su wuce, su ne da abin kunya yau, ba shi ba.

Jibo ya gan ta. Ta tabbata ya gan ta, don ya kau da kai. Mutane tsaye a kan abincinsa, a bakin gonarsa, da yunwa a fuskarsu, shi kuma yana zaune. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an yi shiru a irin wannan wurin ba.

"To," ya ce. "Bismillah."

Wanda ya ƙoshi, in an ce masa haka, cewa yake alhamdu lillahi ya wuce. Haka ake yi, kuma wataƙila haka Jibo ya sa rai. Ilu ya fara cewa, "A'a, haba, mu da ba mu..." Amma na bayansa sun riga sun ajiye hauyoyi.

Suka zauna da'ira-da'ira. Manu ya tsaya riƙe da igiyar jaki, yana duban ƙanwarsa. Wani ya ce, "A sauke na kan jakin mana, kada ya gaji." Aka sauke. Gogo ta zauna a kan saiwar tsamiya ta juya musu baya.

Tani ce ta dama furar. Wa zai dama in ba ita ba? Ta durƙusa gefe, ta zuba nono, ta murje curin da ludayi, ƙwarya na fita daga hannunta cike tana dawowa wayam. Ba ta ɗaga kai ba. Kunnenta kawai ke aiki: ƙarar hannuwa a cikin masaki, tauna, ajiyar zuciya.

"Kai! Wannan da nama aka yi shi?"

"Wane nama? Tafasa ce."

"Ƙarya kake. Tafasar gidanmu ɗaci gare ta kamar maganin shawara."

"Matar Jibo, don Allah mi kike sawa? In aiko tawa ta koya."

"Aiko ta da hatsinta," in ji Gogo, ba ta juyo ba.

Suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa ne. Ciki ya fara ɗauka, murya ta dawo. Hudu ya lashe yatsunsa, ya jawo ganga ya saƙale a kafaɗa. Ya taɓa ta a hankali, sannan ya ɗaga murya, yana kiran Jibo ɗan masu shanu, wanda ke kwance amma ƙwaryarsa na tsaye. Yana cewa mai sa ya ba su ƙaho, mai kurkunu ya ba su ƙoshi. Samari suka amsa, suna tafi da hannuwa masu maiƙo.

Tani ta saci kallon Jibo. Ya miƙe zaune. Hularsa ta koma daidai. Fuskarsa ta yi wani haske da rabonta da gani tun kafin ƙafar. An sa shi a ganga, kuma ta inda yake so.

Ba a daɗe ba aka ga gindin masaki na farko, sannan na biyu. Na huɗun wani ya kifa shi a tafin hannu ya buga, ya lashe abin da ya zubo. Tuluna suka koma fanko. Rana ta yi ja a kan duwatsu.

Ilu ya wanke hannu, ya zo ya tsuguna gaban Jibo. Wannan karon ya dube shi ido cikin ido, kuma da gaske yake, ana ji a muryarsa.

"Jibo, mun ci amanarka, ka rama mana da alheri. Wallahi na ji kunya. Gobe in Allah Ya kai mu, kafin rana ta fito muna cikin gonar nan. Dukanmu. Ba za mu tashi ba sai mun ga ƙarshenta." Ya juya. "Kun ji ko?"

"Mun ji!"

"Hudu, buga a sani."

Hudu ya buga. Gobe gayyar Jibo, ta ce gangar, wanda bai zo ba ba ɗa ba ne. Duk Kurfi za ta ji.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji Jibo. "Allah Ya kai mu."

"Amin. Sai dai fa a yi mana irin wannan dambun," in ji wani daga baya. "Kada a canza hannu!"

"A ƙara barkono kaɗan!"

Suka ɗauki hauyoyi suka kama hanyar gari, yanzu da waƙa. Babu mai mugunta a cikinsu. Gobe za su zo da gaske, da ƙarfinsu da yunwarsu, don gidajensu ma ba a ɗora tukunya da safe. Za su yi noma har hantsi, sannan su miƙe su dubi gindin tsamiya.

Manu ya ɗaura hauyarsa a keke. Ya tsaya kamar zai ce wani abu. Tani ta san rumbun Dabawa, ta san 'ya'yansa biyar. Ta ce ya gaida gida, ya tafi.

Ta tattara masakan ta jera su ɗaya cikin ɗaya. Ba su da nauyi, sawu ɗaya ya ishe su. A gefen na ƙarshe ta ga ɗan dambu ya maƙale a tsagin da aka ɗinke. Ta kankaro shi da farce, ta kai baki. Shi ne abin da ta ci ranar. Ya yi daɗi, gishiri daidai.

Fatu ta farka tana kuka. Tani ta goya ta, ta taimaki Gogo suka ɗora Jibo a kan jaki. Yana ta magana, shi da ya yini shiru.

"Kin ji Hudu? Ɗan masu shanu. Kin ga da na biye miki an sauke biyu, da yau ba su ƙoshi ba. Gobe war haka an gama gonar nan, Tani. Gero zai tashi. Na ce miki mutane ba sa manta alheri."

Ta ɗora masakan a kai, ta kama igiyar jakin. Suka bi gefen gonar. Ciyawa na gogar zanenta, geron na can ƙasa, siriri, ja. Gangar na nisa tana ta faɗar gobe.

Sai da suka hango dangar gidansu, da rumbun da har yanzu bakinsa ke buɗe, sannan ta tsaya. Jakin ma ya tsaya. Ba ta juyo ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam," ta ce, "gobe mi za mu ba su?"